Ƙugin da Ya Rage a Injin Kawu

Ina tsaye a bakin injin casar shinkafa labarin ya zo, kuma ban ji shi da wuri ba. Wayata tana aljihu tana ta ruri, ƙarar inji ta danne ta. Sai da matata ta hau okada ta zo da kanta, mayafinta a karkace, ta tsaya a ƙofa tana magana, ina ganin bakinta yana motsi ba na jin komai. Na kashe injin. Ta ce, "Kawu ne." Ban tambaye ta me ya same shi ba. Na bar buhun mutane rabi a cike, na fita da dusa a kaina, haka na isa gida.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifina, kuma da yake 'ya'yansa duk mata ne, ni aka sani a matsayin ɗansa namiji. Bai yi jinya ba. Da hantsi ya fito daga shagonsa da ke ƙofar gida, ya zauna a benci, ya ce wa mai shayin da ke gefe kansa yana juyawa. Kafin a kawo ruwa ya jingina da bango. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Inna, matarsa, ba ta yi kuka a gabana ba. Da na shiga ɗakinta abin da ta fara cewa shi ne, "Je ka duba ko ya cire ƙarfen dalma daga wuta. Kullum sai ya manta." Na je shago na duba ƙarfen da yake liƙa wayoyi da shi. Bai cire ba. Da zafinsa na same shi.

Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. Manoma daga Adogi da Ashige sun zo da doya a bayan babur. Ɗan Ibo mai sayar da kayan lantarki, wanda suka yi shekaru suna faɗa da Kawu a kan kayan jabu, ya rufe shagonsa ya zo ya tsaya da hula a hannu, ya ce, "Oga Injiniya ya tafi? To wa zai zo ya zage ni yanzu?" Sai ya juya ya kalli bango. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Egon mai sayar da gawayi ta zo da rediyonta a hammata, ba ta ji labari ba sai da ta ga taro. Ta zauna a ƙasa ta ce da gurguwar Hausarta, "Baba ya ce ka kawo shi yau. Ni ya kawo, shi ba ya nan." Ladanin masallacinmu ya ce da ya ɗauki makirfo zai kira magariba, ya tuna wanda ya naɗe wayar da baƙin salatif, sai da ya miƙa wa wani.

Amma dattawan unguwa, duk wanda ya gama addu'a ya shafa, sai ya matso kusa da ni ya rage murya. "An aika wa Sha'iri?" Na ce an aika. "To injin fa? Ya gama?"

Bai gama ba. Wannan ne ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar, kuma shi ya sa na ɗauki biro, ni da ba rubutu ne aikina ba. Akwai maganar da aka faɗa a kan Kawu a gaban jama'a, ƙarya ce, wanda ya faɗe ta yana so ya janye ta, kuma injin nan ake jira.

Ga waɗanda ba su sani ba, Kawu mai gyaran rediyo ne, amma a ƙuruciyarsa da kayan sauti aka fi saninsa. Biki, wa'azi, saukar karatu, Maulidi, shi ake ɗauka da lasifikunsa. Yana da wani inji na amsa-kuwwa wanda mutane ke kira eko. Akwati ne na katako, bai kai akwatin lefe ba. A samansa akwai zaren tef da aka haɗa bakinsa da wutsiyarsa, yana zagayawa ba tsayawa, yana goga wasu ƙananan ƙarafa da ake kira hed. Ɗaya yana rubuta murya a kan zaren, huɗu suna karanto ta bi da bi, na ƙarshe yana gogewa don a sake. A cikinsa akwai kwalabe huɗu masu kama da ƙwan fitila, su ne bawul, suna yin ja in sun ɗau zafi. In mai bege ya ja baiti ɗaya ta cikinsa, sai ka ji kamar daga tsakanin duwatsu yake kira.

Sha'iri kuwa mutumin Arikya ne, mai begen Manzo, abokin Kawu tun makarantar allo. Shekaru masu yawa suna yawo tare, ɗaya da murya, ɗaya da inji. An ce Sha'iri ba ya buɗe baki sai ya waiwaya ya ga Kawu ya ɗaga masa yatsa.

Ban je taron da suka ɓata ba. Inna ce ta ba ni labari, kuma ita ma daga tsakar gida ta jiyo, don a kan itacen mangwaro aka ɗaure lasifikar. Maulidi ne, bayan la'asar, an gayyato wani mai bege daga wani gari, jama'a sun yi masa kabbara sosai. Da aka zo kan Sha'iri, Kawu ya zagaya baya ya ƙara wa janareta mai. Sha'iri yana so muryarsa ta fi ta baƙo cika, sai ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin da ke mayar da murya kan zaren, ya kai shi ƙarshe. In aka yi haka injin yana cin muryar kansa ne, yana ƙara ta, har ta zama kuka. Ya yi wani irin ihu da yara suka watse, mata suka toshe kunne. Kawu ya dawo a guje ya rage. Wuri ya yi tsit. Sai Sha'iri, da kunya ta rufe shi a gaban baƙo, ya juyo da makirfo a hannu ya ce, "Maci amana."

Injin ya riga ya dawo daidai. Ya ɗauki maganar ya maimaita ta tas, har sau huɗu, unguwa duk ta ji.

Mutane suka ɗauka Kawu ya haɗa baki da baƙo ne ya kunyata abokinsa. Gayyata ta ragu, daga baya ta tsaya. Bai je gidan kowa ya wanke kansa ba. Ya naɗe injin a tsohon zanen Inna, ya ɗora shi a kan kantar sama ta shago, ya koma gyaran rediyo da fanka. Sama da shekara talatin, in sun haɗu da Sha'iri a jana'iza, sallama ce kawai.

Ba zan ce Kawu mutum ne mai sauƙi ba, Allah ya sani. In ka ɗauki sukudirebansa ba ka mayar inda ka ɗauka ba, zai yi kwana biyu yana tuna maka. Ya koya mini riƙe ƙarfen dalma da karanta mita, yana so in gaje shi. Da na ce injin casa zan koma, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Abin da ya ce kawai shi ne, "Je ka. Inji zai cinye maka kunne, ka dawo kana ce wa mutane 'na'am?'" Haka kuwa aka yi. Shekara ashirin a bakin inji, yanzu in ana magana ƙasa-ƙasa sai na karkata kai.

Amma na ga wani abu a shagon nan da ban manta ba. Wata dattijuwa ta kawo rediyo, jikokinta biyu suna biye da ita suna dariya, wai Kaka ta kashe rediyo. Kawu ya buɗe murfin baya, na leƙa na ga batiran ne ta sa a juye. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa. Ya cire kusoshi, ya hura, ya goga, ya sa mita, ya yi kusan rabin awa yana ɓata fuska. Sannan ya juya batiran da bayan hannu yadda ba wanda ya gani, ya kunna. Ya ce wa yaran, "Da ba don Kakarku ta kawo shi da wuri ba, da ya ƙone." Ta fita tana harararsu.

Bara waccan, wata safiya na kai masa shinkafa, ina shagon sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wata mata ta fito da tsoho tana riƙe da hannunsa. Ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Sha'iri ne, da 'yarsa. Idonsa ya yi fari, muryar da ake labari ta koma siririya kamar ta mai mura.

"Mai shagon yana nan?"

Kawu bai ɗaga kai daga fankar da yake kwancewa ba. "Yana nan. Rediyo ne ko agogo?"

"Ni ne."

"Na ga kai ne. Ba na gyaran mutane."

Sha'iri ya laluba benci ya zauna. Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Ni na murɗa abin nan ranar. Ka sani."

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zai ji ni? Makirfo a hannunka yake."

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun kana da haƙora. Allah ya yafe mana duka. Tashi ka tafi, ina da aiki."

"A'a," in ji Sha'iri. "Ba a shago na zage ka ba. A gaban jama'a na faɗa, injin nan ya maimaita sau huɗu. A bakinsa zan janye, shi ma ya maimaita sau huɗu. Ranar Maulidi, a filin nan."

"Injin ya mutu."

"Ka tashe shi."

"Yara suna da eko a cikin mikisa ta haɗa sauti yanzu, maɓalli ɗaya za a danna maka."

"Ba mikisa ce ta ji zagin ba."

Da suka tafi Kawu ya ce, "Tsohon banza. Ya gama da muryarsa, yanzu ya zo ya ba ni aiki." Ya ci gaba da fankarsa. Amma kafin in ɗaure buhun da na juye, ya hau benci ya sauko da ƙunshin zanen.

Abin da muka gani da ya kwance ba daɗi. Ɓeraye sun yi gida a ciki, kyankyasai sun bar ƙwai, igiyar robar da ke jan zaren ta narke ta zama kamar kwalta. Takardar da ke nuna hanyoyin wayoyi, wadda aka liƙa a murfi, gara ta cinye. Ya yi sati yana shara kawai, da gashin kaza da tsohon burushin haƙori. Hed ɗin ya wanke su da sifirit, da auduga a bakin tsinken tsintsiya. Robar da ke matse zaren ta bushe ta yi tauri, ya kai wa mai faci ya yanko masa wata daga tayar babur, suka yi ta gogawa har ta yi sumul. Zaren tef ya samo a wurin wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ya yanka shi a karkace da reza ya haɗa. Ya yi sau tara kafin gaɓar ta daina cewa ƙas duk lokacin da ta wuce.

Ranar da zai fara ba shi wuta bai haɗa shi kai tsaye ba. Ta cikin ƙwan lantarki ya bi da wayar, ya ce in ƙwan ya haska sosai akwai abin da ke ƙonewa, in cire da sauri. Ƙwan ya haska ya dushe. Kwalaben suka fara ja a hankali. Ya sa hannun hagu a aljihu, kamar yadda yake yi duk lokacin da zai taɓa cikin inji mai wuta, ya ɗauki makirfo ya ce, "Gwaji." Injin ya amsa masa. Inna ta fito daga ciki da ludayi a hannu ta tsaya a ƙofa.

Sai dai ba murya kaɗai ta fito ba. Akwai shuu kamar ana soya abu, akwai ƙaraf-ƙaraf in an taɓa maɓalli, muryar kuma tana rawa. Waɗannan duk ya bi su ya kashe. Ya canza kondensa manya da suka kumbura, bayan ya zubar da wutar da ke cikinsu da bakin sukudireba. Ya wanke maɓallan. Yana ƙwanƙwasa kwalaben da sandar asuwaki, wadda ta amsa a lasifika ya cire ta ya sa wata daga tsohon rediyo. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Ya ce in ka canza biyu aka samu sauƙi, ba ka san wa za ka gode wa ba.

Abu ɗaya ya ƙi tafiya. Wani ƙugi ne ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota tana tsaye a bayan gida ba a kashe ta ba. Da wutar gari akwai shi, da janareta akwai shi. Ya kafa rodi a ƙasa a daidai inda ake alwala, ya ɗaura masa waya daga jikin injin, ya ce kowa ya riƙa zubar da ruwansa a wurin don ƙasar ta zauna da laima. Ƙugin ya ragu, bai tafi ba. Ya murɗe wayoyin da ke ɗumama kwalabe, ya nisanta su da na murya. Ya ƙara raguwa, yana nan dai.

Da mai ƙarfin murya ne, da ba a damu ba. Amma muryar Sha'iri ta ƙanƙance, dole a ɗaga makirfo sosai, in an ɗaga shi ƙugin yana tasowa tare da ita, injin kuma ya riƙa maimaita su tare.

Maulidin bara ya zo. Sha'iri ya aiko 'yarsa. Kawu ya ce ta gaya masa sai baɗi. A nan muka yi faɗa na ƙarshe da shi.

Na ce, "Kawu, ka bar shi ya yi haka. Wallahi ni ban ji komai ba."

"Kai ne ba ka ji ba."

"Mutane magana za su saurara, ba ƙugi ba. Ku duka kun tsufa. In ɗayanku ya faɗi fa?"

Ya ajiye ƙarfen dalma ya dube ni. "Zagin ya fita tas. Ko kaza ta ji shi. Wannan ma tas zai fita, ko kada ya fita."

Na ce taurin kai ne. Ya ce in kai shinkafar da na kawo cikin gida in tafi. Har yau ban san wanda ya yi daidai a cikinmu ba. Abin da na gane daga baya shi ne, mutumin da ya ce ya yafe tun tuni, ya yi shekara talatin yana jin kalmar nan a kunnensa.

Da yake takardar ta lalace, sai ya zana tasa. Ba a littafi ba, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. A kan simintin shago ya zana ta da alli, daga ƙofa har ƙarƙashin tebur. Kowace kwalba da'ira ce, kowace waya layi, kowane ɗan ƙaramin abu da alamarsa. Duk wanda ya gwada ya tabbatar ba shi ne ba, sai ya soke shi da jan alli. Ya hana Inna sharar shagon. Masu kawo gyara daga bakin ƙofa suke miƙo kaya. Shi kansa ta gefen bango yake bi, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake shuka. Mai shayi yana tsokanarsa wai ya koma duba. Sati ɗaya kafin rasuwarsa na biya, ya kama hannun rigata ya ce, "Saura uku. A cikin ukun nan yake, ba shi da wurin gudu." Ina sauri, manomi yana jirana da buhu goma. Na ce Allah ya taimaka. Ban sunkuya na duba ba.

Yanzu zan faɗi abin da na yi.

Ranar rasuwar, da muka dawo daga maƙabarta, hadari ya haɗo, rumfar da aka aika a ɗauko ba ta iso ba. Dattawa suna tsaye a waje. Ba a barin masu ta'aziyya a tsaye, kuma ni ne namijin gida, ni ake kallo. Na ce a kwashe kayan shago a kai ciki, a share, a shimfiɗa tabarmi. Da aka share, ƙasan duk ƙura da gutsattsarin dalma, na ga ba za a zaunar da liman a haka ba. Ni na ɗauko bokiti. Ni na kwara ruwan, na sa tsintsiya. Na ga ruwan yana fita fari da ja ta ƙofa. Idona ya gani, hankalina ba ya wurin.

Sai ranar addu'ar uku, da ake naɗe tabarmi, na tsaya a tsakiyar shagon na ga siminti fes. Rabin da'ira ɗaya ce ta rage, a inda ƙafar tebur ta danne.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Shekara guda ana hana ni shara." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban zauna ba. Na ɗauki injin a bayan okada na zagaya Lafia da shi. Masu gyaran waya suka yi dariya suka ɗauki hotonsa. Wani mai gyaran talabijin ya leƙa ya ce, "Oga, wannan ai ya girmi babana, ban taɓa ganin irin shi ba." Wani kuma, mai kirki ne, ya ja ni gefe ya ce zai sa mini ɗan ƙaramin bod na eko irin na zamani a ciki, ya ɓoye shi a bayan kwalabe, zaren ya riƙa juyawa don ido, eko kuma ya fito daga bod ɗin, ba ƙugi ba komai. "Tsohon ma ba ya gani," in ji shi, "no wahala." Ba zan ɓoye ba, na bar masa injin na tafi. Na kai bakin titi, na juyo na karɓe abina.

Sha'iri bai samu zuwa ba sai ranar bakwai, don yana kwance da tari. Ya yi addu'a doguwa, muryarsa tana yankewa yana kamo ta. Da mutane suka ragu ya ce, "Ɗana, kunna mini."

Na kunna. Muka jira kwalaben suka yi ja. Ni ban ji komai ba sai motsin zare. Shi kuwa ya karkata kai nan take. "Ga shi nan," in ji shi. "Ƙasa-ƙasa." Na sa masa makirfo a hannu. Ya riƙe shi yadda masu sana'a ke riƙewa, ɗan nesa da baki. Ya yi sallama kawai. Na ɗaga masa murya don ta fito, a nan ne ni ma na ji abin da Kawu yake ji, sallamar tana dawowa sau huɗu, gurnani yana biye da ita yana danne ƙarshenta.

Ya ajiye makirfo a cinya. "Ya kusa. Me ya ce maka ya rage?"

"Abu uku."

"Wanne da wanne?"

Na gaya masa gaskiya, da bokitin da tsintsiyar. 'Yarsa ta sunkuyar da kai. Shi ya daɗe yana shafa jikin akwatin da tafin hannu. Sai ya ce, "To, mun zama mu biyu ke nan da muka yi masa ɓarna."

Na ce, "Baba, ka faɗa a haka mana. Ko a lasifikar masallaci ranar Juma'a. Ai ya yafe maka, ina wurin."

"Ya yafe mini, na ji. Ni ba don kaina ba ne. Waɗanda suka ji zagin nan da kunnensu, ka ƙirga su a zaman makokin nan? Ba su cika tabarma biyu ba. In suka tafi, wa zan gaya wa?"

"Shi ya sa na ce kada a jira."

"Kawunka ya ce sai ta fita tas." Ya yi tari har 'yarsa ta riƙe masa kafaɗa. "Na taɓa masa inji sau ɗaya ba da izininsa ba, ka ga abin da ya jawo. Ba zan ƙara ba yana kwance. Ka gyara, ka aiko. Amma ka yi sauri, ɗana, ni ma ba sabo ba ne."

Injin yanzu yana ɗakin Inna, don tana takaba ba ta fita. Na sayo alli. Na rage awannin injin casa, abokan aikina suna ƙorafi. Bayan azahar nakan zo in zauna a ƙasa in buɗe bayansa, in bi waya ɗaya da yatsa in zana ta. Abin da ya koya mini ina yaro yana dawowa kaɗan-kaɗan, ba duka ba. Sau biyu wuta ta jefar da ni. Da yake kunnena ba ya kamawa, Inna ce ke zama kusa da lasifika da carbinta. Ashe duk shekarar nan daga tsakar gida tana jin ƙugin, ta san shi kamar yadda ta san tarin mijinta. Wani lokaci takan ce ya ƙaru, in mayar da abin da na cire. Ba mu cika hira ba.

Wanda ya karanta wannan, in yana cikin waɗanda suka halarci taron nan, ko ya ji labarin a bakin iyayensa, to ya sani Kawu bai ci amanar kowa ba. Yana bayan rumfa da galan ɗin mai a hannu. Na rubuta, amma na san rubutuna ba shi ne abin da aka yi alkawari ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna da 'yan'uwana mata haƙuri. Allah ya ba Sha'iri lafiya da kwana.

Maulidi saura wata biyu. Na zana kusan rabin wayoyin. Sha'iri bai faɗi maganarsa ba tukuna, injin kuma yana nan a buɗe.